Ajiyar Ƙwan Kajin Gida a Ƙasa Mai Zafi: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Kiwo a Sudan

Da wuya a shiga gidan Bahaushe a Mai Wurno, Gadarif, Kasala, Damazin ko ƙauyukan Jazira a rasa 'yan kaji suna tono a tsakar gida, kuma a yawancin gidaje kajin na mata ne. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suke ta maimaituwa a bakin masu irin wannan kiwo. Mafi yawan shawarwarin ajiyar ƙwai da ake karantawa a intanet an rubuta su ne domin ƙasashen sanyi waɗanda wutarsu ba ta ɗaukewa, saboda haka an ɗora waɗannan amsoshi a kan halin da muke ciki: zafin da yake haura digiri 40 a bazara, da lantarkin da ya ƙara taɓarɓarewa tun ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023.

Sau nawa ya kamata a kwashe ƙwai daga gurbi a rana?

Aƙalla sau biyu, a bazara kuma sau uku. Kaji sun fi saka ƙwai daga safiya zuwa hantsi, don haka zagayen farko ya kasance da walaha, na biyu bayan azahar, na ƙarshe kafin a rufe akurki da magariba. Ƙwai yana fitowa daga jikin kaza da ɗumin kusan digiri 41, kuma abin da ake so shi ne ya huce da wuri. Idan aka bar shi a akurki mai rufin kwano a watan Mayu, zai wuni bai huce ba, wata kazar ta zo ta zauna a kansa ta ƙara masa ɗumi, ko ta taka shi da kashi a ƙafarta. Wanda ya kwana a gurbi kuwa rabon ɓera ne ko maciji.

Me yake lalata ƙwai alhali ɓawonsa bai fashe ba?

Ɓawon ƙwai ba a toshe yake ba kamar yadda ido yake gani. Akwai ƙananan ƙofofi dubbai a jikinsa, tsakanin 7,000 zuwa 17,000, waɗanda ta nan ɗan tsako yake shaƙar iska a lokacin kwanci. Ta waɗannan ƙofofi ruwan cikin ƙwai yake fita a hankali tun daga ranar da aka saka shi, iska ta maye gurbinsa ta taru a gefe mai faɗi. Da tafiya ta yi nisa farin ƙwai yakan tsinke, fatar da take riƙe da gwaiduwa ta yi rauni. Wannan shi ne tsufa, kuma zafi ne yake hanzarta shi: masana harkar ƙwai sun kiyasta cewa tsufan da yake yi a yini ɗaya a ɗaki ya kai wanda yake yi a mako guda a firji, kuma da ɗakin ƙasar sanyi suka yi wannan lissafi, ba ɗakin Kasala ba.

Ruɓewa kuwa aikin ƙwayoyin cuta ne da suke shiga ta ƙofofin. Abin da yake tare su shi ne wani siririn lulluɓi mai yauƙi da kaza take shafa wa ɓawon daf da fitowarsa, wanda yake bushewa cikin 'yan mintuna ya toshe ƙofofin. Kusan duk ƙa'idodin da za su biyo baya sun rataya ne a kan abu biyu: a kiyaye wannan lulluɓi daga ruwa, a kuma nisanta ƙwan daga zafi.

Shin ana wanke ƙwai kafin a ajiye shi?

A'a. Wanki yana cire lulluɓin da aka ambata a amsar da ta gabata, ya bar ƙofofin a buɗe. Mafi muni shi ne wanki da ruwan randa mai sanyi, domin idan ƙwai mai ɗumi ya haɗu da ruwan da ya fi shi sanyi, abin da ke cikinsa yakan ɗan tsuke, sai ya zuƙo ruwan tare da dattin da ke kan ɓawon zuwa ciki. Uwargida tana ganin ta tsabtace ƙwai, alhali kashin kajin ta tura masa.

Masu cewa ai Turawa suna wanke nasu sun faɗi rabin gaskiya. A Amurka manyan gonaki suna wanke ƙwai, amma doka ta tilasta a riƙe shi a sanyin da bai wuce kimanin digiri 7 ba har ya isa kanti. A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa ba a yarda a wanke ƙwan da ake sayarwa a matsayin mai daraja ta ɗaya ba, shi ya sa ake jera shi a kanta ba tare da firji ba. Wanki da firji tare suke tafiya. Wanda ba shi da tabbacin wuta, hanyar rashin wanki ita ce tasa. Idan an zo amfani da ƙwan, to a lokacin za a iya ɗauraye shi a fasa nan take.

To idan ƙwan ya ɓaci da kashin kaji ko taɓo fa?

Idan dattin kaɗan ne, a bari ya bushe, a kankare shi da busasshen tsumma ko soso marar ruwa. Idan ya yi yawa har sai an wanke, a yi amfani da ruwan da ya fi ƙwan ɗumi sosai, wanda hannu zai ji zafinsa amma ya iya jurewa, a riƙa zuba masa daga buta maimakon a tsoma shi a kwano, a tsane shi, sannan a dafa shi a ranar. Kada a haɗa shi da ƙwan ajiya.

Wannan matsala ta fi yawa a damina, musamman a Gadarif da Jazira inda baƙar ƙasa take maƙale wa kaji a ƙafa. Maganinta yana gurbi: a tanadi gurbi ɗaya ga kowace kaza huɗu ko biyar, a ɗaga shi daga ƙasa, a zuba ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, a sauya da zarar ya jiƙe, kuma kada a bar kaji su riƙa kwana a ciki, domin da dare suke yawan kashi.

Kwana nawa ƙwai zai yi ba tare da firji ba?

Ya danganta da lokacin shekara. A Turai ana rubuta wa ƙwai wa'adin kwana 28 daga ranar da aka saka shi, amma wanda ya ɗauki wannan adadi ya yi aiki da shi a Sinnar a watan Afrilu zai fasa baragurbi a tukunya. Shawarar da ta dace da yanayinmu ita ce, a bazara a cinye ƙwan da ba a wanke ba cikin kwana huɗu zuwa biyar, kada dai ya wuce mako. A lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, zai iya kai mako biyu a wuri mai inuwa. Damina tana tsakani, sai dai danshinta yana iya sa ɓawo ya yi fumfuna.

Duk wannan lissafi ba zai yi amfani ba idan ba a san ranar da aka kwashe kowane ƙwai ba. A rubuta kwanan wata a gefe mai faɗi da fensir ko gawayi, a riƙa fara cin tsohon. Gidajen da zakara yake yawo da kaji su duba amsar da ta shafi ƙwai mai zakara, domin nasu wa'adin ya fi wannan gajarta.

Muna da firji, amma wuta tana ɗaukewa kullum. A saka ƙwai a ciki ko kada a saka?

Firjin da yake aiki ba yankewa, a sanyin digiri 4 ko ƙasa da haka, yana riƙe ƙwai mako uku zuwa biyar. Damuwar tana ga fita da shiga: ƙwan da ya yi sanyi sannan iska mai ɗumi ta same shi yakan yi zufa, wannan zufa kuwa ruwa ce, tana jiƙa lulluɓin ta buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya kamar yadda wanki yake yi.

Don haka a dubi tsawon ɗaukewar. Firjin da aka bari a rufe yana riƙe sanyinsa kimanin awa huɗu. Idan wutar unguwa takan tafi na 'yan awoyi ta dawo, ko gidan yana da sola, a saka ƙwan a ciki, cikin kwali ko roba mai murfi, a can ƙurya, ba a jikin ƙofa ba, duk da cewa masu ƙera firji a nan suke yi masa mazauni. Ƙofa ita ce wurin da ya fi saurin ɗumama. Idan kuwa wuta takan yi kwana ɗaya ko biyu ba ta zo ba, gara tun farko kada a saka, a bi hanyar randa. Ƙwan da ya riga ya yi sanyi sannan firjin ya mutu, a dafa shi a ranar ko washegari.

Shin randa za ta iya maye gurbin firji?

Ba za ta kai firji ba, amma tana rage zafi ƙwarai, kuma kowane gida yana da zir, wato randar ruwa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye ƙwaryar ƙwai a inuwar da randunan ruwa suke, kusa da su amma ba inda ruwa yake ɗiga ba. Wadda ta fi ta ita ce tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da rairayi, a jiƙa rairayin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. Ruwan da yake tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa ya tafi da zafi. Wanda ya yaɗa wannan dabara a zamaninmu shi ne Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa ta Najeriya, wanda ya sami kyautar Rolex a kanta a shekarar 2000, daga baya aka kawo ta Darfur ta bazu.

Akwai sharaɗi biyu. Na farko, dole ƙwan ya zauna a bushe: a sa shi a kwano ko ƙwarya mai ƙaiƙayi a cikin ƙaramar tukunyar, kada ya taɓa jikinta, kada tsumman ya ɗiga masa. Na biyu, dabarar tana aiki ne a busasshiyar iska. A bazarar Kasala ko Umdurman tana yin kyau, amma a tsakiyar damina, ko a Bur Sudan inda iskar teku take da danshi, amfaninta kaɗan ne.

Yaya ake jera shi, kuma me ba a ajiye shi kusa da shi?

Gefe mai tsini ya dubi ƙasa, mai faɗi ya dubi sama. Aljihun iskar yana gefe mai faɗi, kuma idan yana sama gwaiduwa takan zauna a tsakiya, nesa da ɓawo. Kiret na kwali ya fi na roba domin yana shan danshi, amma idan ƙwai ya taɓa fashewa a cikinsa a jefar da shi.

Ƙwai yana ɗaukar wari ta ƙofofin ɓawonsa. A raba shi da albasa, tafarnuwa, daddawa, kawal (ganyen tafasa da aka ruɓar), fasikh da sauran kifin gishiri, kananzir, sabulu da turaren wuta. Ɗakin da ake turara bakhur kullum ba wurin ajiyar ƙwai ba ne.

Yaya ake gane mai kyau da wanda ya lalace kafin a fasa?

Gwajin ruwa shi ne sananne. A tsoma ƙwan a kwanon ruwa marar gishiri: sabo yakan nutse ya kwanta, wanda ya kwana biyu yakan ɗaga gefe ɗaya ko ya tsaya a tsaye a ƙasan kwanon, tsoho kuma ya taso sama. Dalili shi ne aljihun iskar da yake girma kullum. Amma a lura cewa tsufa wannan gwaji yake aunawa, ba lafiya ba: ƙwai yana iya nutsewa alhali yana ɗauke da ƙwayar cuta. Haka kuma wanda aka tsoma ya zama wankakke, don haka sai an zo dafawa ake gwadawa, ba a gwada a mayar ajiya.

Hanyar da ba ta jiƙa ƙwai ita ce haska shi da tocilar waya a ɗaki mai duhu. Sabo yana da ƙaramin aljihun iska da ciki garau, wanda ya lalace kuma yakan nuna duhu ko tabo ko jijiyoyi. Girgizawa a kunne ma tana taimakawa, domin sabo ba ya motsi. Hukunci na ƙarshe dai na hanci ne, shi ya sa kowane ƙwai ake fasa shi a ɗan kofi shi kaɗai kafin a haɗa da sauran.

Na fasa na ga ɗigon jini, ko farin zare, ko farin ya yi hazo. Ya lalace ne?

Babu ɗaya daga cikin ukun da yake nuna lalacewa. Ɗigon jini daga wata 'yar jijiya ce da ta tsinke a jikin kaza lokacin da gwaiduwa take fitowa, ana iya cire shi da bakin cokali a dafa sauran. Farin zaren da ke gefe biyu na gwaiduwa shi ne yake riƙe ta a tsakiya, kuma ya fi fitowa fili a sabon ƙwai. Hazo a fari ma shaidar sabunta ce.

Wanda ake zubarwa shi ne mai wari, ko wanda farinsa ya koma ruwan hoda ko kore ko yake ƙyalli, ko mai baƙin tabo a cikin ɓawo, ko wanda aka ga zoben jini da jijiyoyi sun kewaye gwaiduwarsa. Ta fuskar tsarki, malaman Malikiyya suna ɗaukar ƙwai a matsayin abu mai tsarki, ban da wanda ya ruɓe, don haka idan baragurbi ya fashe a tufa sai an wanke kafin a yi salla da ita.

Ana cin ƙwai mai zakara? Kuma ya fi saurin lalacewa?

Ana ci, kuma ba shi da bambanci da marar zakara a ɗanɗano ko gina jiki. Kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai, sai dai idan ana son ƙyanƙyasa. Amma a ƙasarmu yana da wata matsala ta daban. Ɗumin da ƙwai yake buƙata domin ɗan tsako ya fara halitta kusan digiri 37 da rabi ne, kuma tun daga wajen digiri 27 yake fara motsi. Ke nan ɗakin da ya kai digiri 38 a bazara yana yi wa ƙwan abin da ya yi kusa da kwanci. Ɗan tsakon yakan fara, ya mutu cikin 'yan kwanaki saboda zafin ba daidai yake ba, sannan ƙwan ya ruɓe. Wannan shi ne abin da yake sa mutane da yawa cewa ƙwan gida bai kai na gona jimiri ba, alhali bambancin shi ne gonakin ƙwai ba sa ajiye zakaru. Wanda yake kiwo domin ƙwan ci kawai, raba zakara da kajin zai ƙara masa kwanakin ajiya, amma a sani kaza takan ci gaba da saka ƙwai mai zakara har mako biyu ko fiye bayan rabuwar.

Mun tsinci ɓoyayyen gurbi da ƙwai da yawa a bayan rumbu. Za a ci?

Kazar baladi, wato kazar gida, takan saka ƙwai goma sha wani abu a jere, ɗaya a kowace rana ko bayan kwana biyu, kafin ta kwanta. Saboda haka a tulin da aka tsinta akwai na jiya, akwai kuma wanda ya yi mako uku a rana. A haska su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka bayyana a amsar gane mai kyau, a fasa kowanne daban, kuma a waje. Idan kazar ta riga ta fara kwanci a kansu, a bar mata su, bayan kwana 21 a samu 'yan tsaki.

Me ya sa ɓawo yake yin laushi a bazara, kuma me za a yi da wanda ya tsage?

Kaza ba ta zufa, haki take yi. Yawan hakin yana fitar da iskar da jikinta yake amfani da ita wajen gina ɓawo, ga shi kuma zafi yana rage mata cin abinci, sai sinadarin kalsiyam ya yi mata kaɗan. Kowane ɓawo yana cin kusan giram 2 na kalsiyam, kuma dawa ko gero kaɗai ba sa bayar da wannan. A tanadar musu inuwa da ruwa mai sanyi, a ba su abinci da sassafe da yamma lis, a ajiye musu dakakken dutsen farar ƙasa ko ɓawon katantanwar kogi a kwano daban. Ɓawon ƙwan da aka ci ma yana yi, amma a gasa shi a daka shi lilis, domin kazar da ta gane kamanninsa takan koyi fasa nata ta sha.

Ƙwan da ya tsage a hannu yanzun nan, a juye shi a kofi a dafa nan take. Wanda aka tarar a tsage a gurbi, ba a san tun yaushe ba, ko yana yoyo, a zubar. Idan ɓawo ya lalace a kaji da yawa lokaci guda, ga tari ko murɗewar wuya, to ba zafi ba ne, a duba amsar da ta shafi kaza marar lafiya.

Gaskiya ne ɗanyen ƙwai ya fi ƙara ƙarfi? Yara da masu ciki fa?

Ba gaskiya ba ne. Jiki yana amfana da kusan rabin furotin ɗin ɗanyen ƙwai ne kawai, alhali daga dafaffe yana ɗaukar kusan kashi 90 cikin ɗari. Ga kuma haɗarin ƙwayar salmonela, wadda take iya shiga ƙwai tun yana cikin kaza kafin a yi masa ɓawo, ta yadda tsabtar ɓawo ba ta zama tabbaci ba. Tana kawo gudawa da zazzaɓi da murɗar ciki, daga awa 6 zuwa kwana 6 bayan ci, kuma ta fi tsanani ga ƙananan yara, tsofaffi, masu juna biyu da marasa lafiya, wato su ɗin da aka fi kaɗa wa ɗanyen ƙwai a madara. Dahuwa tana kashe ta idan fari da gwaiduwa duk suka daskare.

Maganar da wasu iyaye suka gada cewa yaron da yake cin ƙwai zai tashi da sata ba ta da tushe, kuma ta hana yara abinci mai gina jiki wanda yake cikin gidansu. Daga wata shida, lokacin da ake fara ba jariri abinci tare da nono, ana iya ba shi ƙwan da ya dahu sosai. A fara da kaɗan, idan aka ga ƙuraje ko kumburi ko amai a dakata a kai shi asibiti.

Dafaffen ƙwai ya fi ɗanye daɗewa?

Akasin haka ne. Tafasa tana wanke lulluɓin, don haka dafaffe mako ɗaya yake yi a firji, a waje kuwa awa biyu ne, idan zafi ya wuce digiri 32 awa ɗaya. Masu ɗaura wa 'yan makaranta ƙwai da ful (dafaffen wake) domin fatur, wato karin kumallo, da masu guzurin doguwar tafiya a mota, su dafa da safiyar ranar, su bar shi da ɓawonsa, a ci da wuri.

Idan ɓarewa tana wahala, farin yana bin ɓawo, ƙwan sabo ne ƙwarai. Wanda ya ɗan kwana ya fi saurin ɓaruwa, kuma jefa shi a ruwan da ya riga ya tafasa sannan a tsoma a ruwan sanyi yana taimakawa. Koren zoben da ke kewaye gwaiduwa daga daɗewa a wuta ne, ba ya cutarwa.

Kaza tana shan magani ko ba ta da lafiya. A ci ƙwanta?

Yawancin magungunan da ake zuba wa kaji a ruwa suna fita a ƙwai, kuma gwaiduwa tana ɗaukar kwanaki kusan goma tana girma a jikin kaza, shi ya sa saurar maganin take ci gaba da fitowa bayan an daina bayarwa. Kowane magani yana da kwanakin jira a rubuce a jikinsa, wasu ma an hana ba kaza mai ƙwai gaba ɗaya. A karanta, ko a tambayi likitan dabbobi, kuma ƙwan waɗannan kwanaki ba a ci ba a sayarwa. Kafson mutane da ake ɓarewa a zuba wa kaji ba shi da irin wannan bayani, a daina.

Idan kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a ci ƙwansu ko namansu, kada yara su taɓa su, a sanar da ma'aikatan dabbobi. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Hartum da Jazira a shekarar 2006, shekarar da ta shiga Najeriya, kuma cuta ce da take iya kama mutum.

Ƙwai ya yi mana yawa. Akwai hanyar ajiye shi na watanni?

Mai firiza da tsayayyar wuta zai iya fasa ƙwan, ya kaɗa shi da ɗan gishiri, ya zuba a ƙananan robobi ya daskarar, zai kai shekara. Ba a daskarar da shi da ɓawo, fashewa yake yi. Shafa wa sabon ƙwai mai tsabta ɗan mai yana toshe ƙofofin ya rage bushewa. Farin man farafin da ake sayarwa a kantin magani ya fi man gyaɗa ko na riɗi, waɗanda suke sauya wari a zafi. Akwai kuma tsohuwar hanyar nutsar da ƙwan da ba a wanke ba cikin ruwan farar ƙasa, amma wuri mai sanyi take buƙata, ba ta kashe cutar da take cikin ƙwai, kuma farar ƙasar gini ba ta dace da abinci ba. A zafinmu ba hanyar da za a dogara da ita ba ce. Sayar da rarar, ko raba wa maƙwabta, ko barin kaza ta kwanta a kai, duk sun fi.

Ƙwan da za a ba kaza ta ƙyanƙyashe, ajiyarsa daban ce?

Daban ce. Ba a wanke shi sam, ba a shafa masa mai, ba a sa shi a firji, domin sanyin firji yana raunana ɗan tsakon. Yana son sanyi matsakaici, wajen digiri 12 zuwa 18, kuma tukunya cikin tukunya ita ce abin da ya fi kusa da haka a gida. A zaɓi matsakaita masu lafiyayyen ɓawo, a jera su tsini a ƙasa, a riƙa karkata kiret ɗin gefe zuwa gefe kullum, kuma kada su wuce kwana bakwai kafin a sa wa kaza, domin daga nan ƙyanƙyasa take raguwa.

Ƙwan zabi da na agwagwa fa?

Ƙwan zabi, wanda yake yawaita a damina, yana da ɓawo mai kauri da tauri, shi ya sa ya fi na kaza jure ajiya da jigila. Matsalarsa ita ce zabi a daji suke saka shi, galibi sai ya kwana biyu ake ganowa, don haka a bi da shi kamar na ɓoyayyen gurbi. Idan za a sa wa kaza ta kwanta a kai, kwana 26 zuwa 28 yake yi. Ƙwan agwagwa kuwa ya fi yawan datti saboda a wuri mai laima take saka shi, ga shi ya fi girma, don haka a kwashe shi da sassafe, kada a daɗe da shi, kuma a ƙara masa mintuna a wuta har gwaiduwar ta daskare gaba ɗaya.